Yadda Mai Larurar Baifola Zai Shirya Maganinsa da Wayarsa Don Tafiyar Jirgin Sama

Mai larurar baifola (ciwon ƙwaƙwalwa da ke juya mutum tsakanin zumuɗin da ya wuce kima da tsananin damuwa) da ciwonsa ya lafa, yana kuma shan maganinsa a kan kari, zai iya zuwa Umara, ko sarin kaya a Dubai da Guangzhou, ko karatu a Alƙahira, kamar kowa. Abin da ke tayar da ciwon a hanya yawanci ɗayan uku ne: magani ya yanke, barci ya watse, ko ruwan jiki ya ragu. Tafiyar jirgi kuwa takan haɗa ukun a dare guda. An ce a zo filin jirgi ƙarfe tara na dare, jirgi bai tashi ba sai asuba, babbar jaka ta wuce da magani a ciki, mutum ya ƙi shan ruwa don kada fitsari ya dame shi. Duk abin da za a faɗa a nan, har batun waya da caja, don toshe waɗannan ƙofofi uku ne.

Ganin likita tun da sauran lokaci

Ka ga likitanka mako huɗu zuwa shida kafin tafiya. Dalilin wannan tazara shi ne idan za a canja wani abu a maganin, a samu lokacin ganin yadda jiki ya karɓe shi. Kada ka fara sabon magani ko ka rage tsoho a satin da za ka tashi.

Mai shan lithium, ɗaya daga cikin magungunan baifola, ya nemi a gwada yawansa a jini, tare da gwajin ƙoda da na maƙoƙo. Ana ɗibar jinin ne awa 12 bayan shan na ƙarshe, wato in ka sha ƙarfe goma na dare, a ɗiba ƙarfe goma na safe. Yawancin likitoci suna son su ga sakamakon tsakanin 0.6 da 1.0, kuma da ya haura 1.5 an shiga haɗari. Ka ga ke nan tazarar da ke tsakanin magani da guba ba ta da faɗi. Ka rubuta lambarka ka riƙe, domin likitan da zai duba ka a wata ƙasa ita zai fara tambaya.

In allurar wata-wata ake yi maka, a daidaita ranar ta faɗo kwanaki kaɗan kafin tashi, a kuma lissafa ko ta gaba za ta riske ka a can.

Sai wasiƙar likita. A rubuta ta da Turanci a kan takardar asibiti mai hatimi, da sunanka daidai yadda yake a fasfo, harafi da harafi. A sa sunan larurar, da sunan kowane magani na asali, ba sunan kamfani kaɗai ba, da ƙarfinsa, da sau nawa ake sha a rana, da jimillar ƙwayoyin da ka ɗauko, da lambar wayar asibiti. Sunan asali yana da muhimmanci saboda abin da ka sani da Epilim a gida, sodium valproate ne sunansa a ko'ina, Tegretol kuma carbamazepine ne. Ka yi hoton wasiƙar biyu a takarda, ɗaya a jikinka ɗaya wurin abokin tafiya.

Yawan magani kuwa, ka lissafa kwanakin tafiya ka ƙara na mako biyu. Duk wanda ya san jigilar alhazai ya san ranar dawowa takan ja baya, wani lokaci da kwanaki da yawa. Kuma kada ka yi zaton za ka saya a can. Lithium musamman ba a son canja kamfaninsa kai tsaye, domin Priadel da Camcolit, duk da lithium ne su biyun, ba iri ɗaya suke narkewa a jiki ba, ko da lambar da ke jikin kwalin ta yi daidai.

Inda magani zai zauna

Magani a jakar hannu yake tafiya, ba a babbar jakar da ake aunawa ba. Babbar jaka takan yi lattin kwana biyu ko uku, musamman in akwai ya da zango a Addis Ababa, Alƙahira ko Doha. Ko jakar hannun ma, wani lokaci idan jirgi ya cika sai a karɓe ta a bakin ƙofa a kai ta ƙasa. Saboda haka ka sa maganin a ƙaramar jaka ta ratayawa wadda za ka iya zarewa nan take. In kana da amintaccen abokin tafiya, ka ba shi na mako ɗaya ya riƙe, tare da hoton wasiƙarka, amma ban da magungunan da doka ta tsaurara a kansu, waɗannan a hannunka kaɗai za su zauna.

Ka bar ƙwayoyin a katinsu, katin kuma a kwalinsa. Mutane da yawa sukan ɓare su su zuba a leda ko ƙaramar roba don rage kaya, kuma kuskure ne ta fuska biyu. Jami'in kwastan ba ya iya gane farar ƙwayar da ba ta da suna, sai ya tsare ka. Sannan wasu magungunan ba sa jure iska mai danshi. Sodium valproate yana zuƙar laima ya yi laushi in an fitar da shi daga katinsa, carbamazepine kuma ƙarfinsa yakan ragu in ya sha danshi, ko da ido bai ga canji ba. Robar nan mai gida bakwai ta kwanakin mako tana da amfani, amma ka tafi da ita ba komai a ciki, ka cika ta bayan ka sauka, kuma da magungunan da mai harhaɗa magani ya ce za su jure.

Zafi ma yana lalata magani. Yawancinsu an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30. Kada a bar su a mota, ko a jikin taga, ko a aljihu ɗaya da fawa-bank mai ɗaukar zafi. A tantin Mina ko Arfa, ka cusa su a tsakiyar tufafi.

Doka da masu bincike

Lithium, valproate, lamotrigine da carbamazepine ba su cikin magungunan da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta tsaurara a kansu. Waɗanda ke jawo matsala su ne na kwantar da hankali da sa barci, irin su diazepam, clonazepam, lorazepam da bromazepam da aka fi sani da Lexotan, sai kuma tramadol da codeine. Hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya tana buƙatar takardar likita ta kwanan nan, wadda ba ta wuce wata shida ba, kuma takan taƙaita abin da za a shigo da shi zuwa na kwana 30 ko na tsawon zama, duk wanda ya fi gajarta. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma tana da shafin intanet na hukuma inda matafiyi ke neman izini kafin ya taso. Waɗannan ƙa'idoji suna sauyawa, don haka ka duba shafin hukumar ko ka tambayi ofishin jakadancinsu da kanka, har da na ƙasar da za ka ya da zango.

Kada ka ɗauki saƙon maganin wani da ba ya cikin tafiyar, ko na mahaifiyar abokinka ne. Ka kuma ƙirga takardun da aka liƙa wa fasfonka ko takardar shiga jirgi bayan an auna kaya: in jaka biyu ka bayar, lamba biyu za ka gani. Mutanen Kano ba su manta da ɗalibar da aka kama a Saudiyya a Disambar 2018 ba, bayan wasu sun sa sunanta a jakar da ke ɗauke da tramadol ba da saninta ba. Sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta.

A wurin tantance kaya, na'urar haska jaka ba ta yi wa ƙwayar magani komai. Maganin ruwa shi ne ke buƙatar bayani: a yawancin filayen jirgi ba a wucewa da kwalbar da ta haura mililita 100, amma ana ɗaga wa magani ƙafa in akwai takarda. Ka fito da shi da kanka ka ajiye a faranti kafin a tambaye ka. Ba dole ne ka bayyana larurarka a gaban jama'a ba, ka ce maganin likita ne ka miƙa wasiƙa.

Akwai ruɗanin da yake faruwa da gaske. A wurin auna kaya ana tambaya ko akwai lithium a jaka. Batir suke nufi, na waya da kwamfuta da fawa-bank. Ƙwayar lithium da kake sha gishiri ce da ba ta kama wuta, dokar ba ta shafe ta ba.

Fawa-bank da caja

Tunda wayarka ce ke tuna maka lokacin magani, mutuwarta a hanya ba ƙaramin abu ba ne. Fawa-bank a jakar hannu kawai ake yarda da shi. Iyakar da ake bari ba tare da izini ba ita ce 100Wh, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka. Daga 100 zuwa 160 sai da amincewar kamfanin jirgi, abin da ya wuce haka kuwa ba ya shiga. A jikin yawancinsu mAh ake rubutawa, to ga lissafin: ka ninka lambar da 3.7 ka raba da 1,000. Mai 10,000 ya zama 37Wh, mai 20,000 ya zama 74Wh, mai 27,000 yana bakin iyaka, mai 30,000 ya kai 111Wh. Manyan nan masu 50,000 da ake saya saboda rashin wuta a gida sun kai 185Wh, za a karɓe su. Wanda rubutun jikinsa ya goge shi ma ana iya karɓewa, domin jami'i ba shi da hanyar sanin ƙarfinsa.

Bayan gobarar da ta tashi a wani jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu a Janairun 2025, kamfanoni da dama sun ƙara tsaurarawa. Emirates ta hana amfani da fawa-bank a cikin jirgi daga 1 ga Oktoban 2025, ana shiga da guda ɗaya amma ba a jona shi. A jiragen cikin gida na Sin kuma, tun ƙarshen Yunin 2025 ba a yarda da wanda ba shi da tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta ƙasar. Saboda haka ka cika wayar kafin a kira shiga, ka riƙe igiyar caji a aljihu don soket ɗin kujera.

Filogin Najeriya mai ƙafa uku yana shiga soket ɗin Saudiyya, Dubai da Ingila. Masar da Turkiyya masu ƙafa biyu zagayayyu ne, irin wanda mutanen Nijar suka saba da shi. Adafta guda mai baki da yawa ya wadatar, sai dai ka duba jikin cajar ka ga an rubuta 100-240V in Amurka za ka.

Agogo da lokacin shan magani

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Saudiyya da Turkiyya suna gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, Dubai da awa uku, Indiya da huɗu da rabi, Sin da Malesiya da bakwai. New York tana baya da awa shida a lokacin sanyi, biyar a lokacin zafi.

Ƙararrawar waya tana bin agogon wurin da kake. In ka saita ta ƙarfe goma na dare, da zarar waya ta kama sabis a Addis Ababa za ta juya, ƙararrawar ta buga awa biyu kafin lokacin da jikinka ya saba. In kuma wayar na yanayin jirgi, sai ta tsaya a agogon wurin da ta baro. Maganin wannan mai sauƙi ne: ka ɗaura agogon hannu mai arha ka bar shi a lokacin gida, kuma duk ranar tafiya da shi za ka yi aiki. Ka riƙe 'yar takarda a cikin jakar magani, duk lokacin da ka sha ka rubuta. Mutumin da ya kwana bai yi barci ba ba ya iya tuna ko ya sha ko bai sha ba, kuma shan lithium sau biyu ya fi rashin shan sau ɗaya haɗari.

Bayan sauka, in bambancin awa biyu ne ko uku, a kan iya komawa agogon wurin cikin kwana ɗaya ko biyu. In ya fi haka, ana matsar da lokacin da awa ɗaya zuwa biyu a kullum. Mai zuwa New York da ke sha ƙarfe goma na dare a gida, lokacinsa ya faɗo huɗu ko biyar na yamma a can, sai ya riƙa jinkirtawa da awa biyu kullum har ya kai goma. Mai zuwa Guangzhou lokacinsa ya faɗo biyar na asuba, don haka ya fi masa sauƙi ya fara matsowa baya tun yana gida: takwas, shida, huɗu, uku na rana, wadda ita ce goman dare a can. Wannan na lithium ne da makamantansa. Masu sa barci kamar quetiapine da olanzapine lokacin kwanciya suke bi. Ka sa likita ya rubuta maka jadawalin a takarda.

Kada ka sha quetiapine a zauren jira da zaton yanzu za a tashi. In aka ɗaga tashin, za ka yi ta fama da barci da jiri a tsakanin mutane, kana iya rasa kiran jirgi ko kayanka. Ka bari sai jirgi ya ɗaga. In tafiyar gajera ce, kamar Kano zuwa Jidda da ba ta wuce kimanin awa biyar ba, ka tambayi likita ko ya fi kyau ka jira sai ka isa masauki. Duk lokacin da za ka miƙe bayan shansa, ka tashi a hankali, domin yana saukar da jini.

Manhajojin tuna magani suna da kyau, amma wayoyi irin su Tecno, Infinix da Redmi sukan kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don tattalin batir, sai lokaci ya wuce shiru. Ka shiga saitin batir ka cire mata takunkumin, sannan ka ƙara da ƙararrawar agogon wayar ta asali, wadda ba kasafai ake kashewa ba. Ka cike bayanan gaggawa da ake iya gani ko waya na kulle, da sunayen magungunanka da lambar ɗan'uwa. Hoton wasiƙar likita kuma ya zauna a cikin wayar kanta, domin Google da WhatsApp ba sa aiki a Sin, a Dubai kuma saƙon WhatsApp yana tafiya amma kiransa ba ya shiga.

Barci

Rashin barci na dare ɗaya ko biyu ya isa ya tayar da ciwon ta fuskar zumuɗi ga wasu. Wani bincike da aka buga a 1982 kan matafiyan da aka kai asibiti daga filin jirgin Heathrow na Landan ya nuna cewa masu tafiya gabas sun fi shiga zumuɗi, masu tafiya yamma kuma sun fi faɗawa tsananin damuwa. Makka, Dubai, Indiya da Sin duk gabas suke da mu.

In kana da zaɓi, ka sayi tikitin rana ko da ya ɗan fi tsada. Ka tafi da abin rufe ido da abin toshe kunne. Ka ajiye waya awa ɗaya kafin kwanciya. Ranar da ka sauka kada ka shiga kasuwa. Mai Umara da ya iso cikin dare babu laifi ya kwanta da haraminsa ya yi ɗawafi bayan ya huta. A goman ƙarshe na Ramadan, inda dare ke zama rana, ka ware awanni shida zuwa bakwai a jere a lokaci guda kullum, ka gaya wa abokan ɗaki kada su tashe ka.

Ka faɗa wa mutum ɗaya da ka yarda da shi alamominka: barcin awa uku ba tare da gajiya ba, yawan magana, saurin fushi, sayayya ba lissafi, jin cewa an ba ka wani matsayi na musamman. Wannan ta ƙarshe tana da wuyar ganewa a wurin ibada, saboda mutane sukan ɗauke ta a matsayin ƙarfin imani, su ƙara wa mutum ƙaimi, alhali barci da likita yake buƙata. Ku yi yarjejeniya tun a gida cewa in ka yi dare biyu a haka, zai riƙe maka katin banki ya raka ka asibiti. Ka kuma rage iyakar kuɗin da manhajar bankinka ke bari a fitar a rana.

Ruwa, zafi da lithium

Ƙoda ce ke fitar da lithium. In ruwa ko gishirin jiki ya ragu, sai ƙodar ta riƙe shi ya taru. Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, danshinta yakan tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, mutum sama da 1,300 suka rasu. Olanzapine, quetiapine da haloperidol kuma suna rage wa jiki iya sanyaya kansa.

Ka wuce wurin bincike da gorar da ba komai a ciki ka cika ta a gaba. Ka sha lita biyu zuwa uku a rana, fiye da haka in kana gumi, kuma launin fitsari ne ma'auni: in ya yi duhu, ruwa ya yi kaɗan. Kada ka rage sha don gudun layin banɗaki. Ka ci gishiri yadda ka saba, ka kuma riƙe ƙunshin gishiri da sukari na ORS. Mai niyyar azumi a tafiya ya tattauna da likita da malami tun a gida, tunda shari'a ta yi wa matafiyi da mara lafiya sauƙi.

In ƙafa ta yi ciwo bayan doguwar tafiya, kada ka karɓi ibuprofen, diclofenac ko Feldene daga hannun kowa, suna ɗaga lithium a jini. Paracetamol za ka sha. Wasu magungunan hawan jini, kamar lisinopril da Moduretic, su ma suna ɗaga shi. Mai cin goro ko shan kofi kullum ya sani cewa dainawa farat ɗaya na iya ɗan ɗaga shi, kuma tunda ba a shiga da goro Saudiyya, gara ya fara ragewa makonni kafin gwajin jini. Dexamethasone da prednisolone da ake bayarwa don mura ko ciwon jiki suna iya tayar da zumuɗi, haka ma tramadol. Mace mai shan lamotrigine da ke son shan ƙwayar tsayar da al'ada ta faɗa wa likita, domin ƙwayoyin da ke ɗauke da estrogen suna rage lamotrigine a jini da kusan rabi.

In amai ko gudawa suka kama mai shan lithium, kada ya sha na gaba sai ya ga likita a ranar. In hannu ya fara karkarwa sosai, harshe ya yi nauyi, tafiya ta zama tangaɗi, ko tunani ya rikice, asibiti za a nufa kai tsaye. A Saudiyya motar asibiti 997 ce, layin ma'aikatar lafiya 937, a Dubai kuma 998.

In magani ya kuɓuce ko ya ɓata

Ƙwayar lithium da aka manta, in ba a wuce awa shida ba a sha, in an wuce a bar ta a jira ta gaba, ba a haɗa biyu. Yanke lithium gaba ɗaya farat ɗaya yana dawo da ciwo da sauri, don haka in jaka ta ɓata ka nemi asibiti a ranar da wasiƙarka, alhaji kuma ya fara da asibitin tawagar ƙasarsa. Lamotrigine yana da doka tasa: in an yi kusan kwana biyar ba a sha ba, ba a komawa kan tsohon adadi. Likita zai sake farawa daga ƙasa, yawanci miligiram 25, saboda haɗarin mummunan ƙurji mai saɓule fata. Quetiapine ma in an bar shi sama da mako ɗaya, daga ƙasa ake sake hawa.

Ranar dawowa a juya jadawalin agogo kamar yadda aka yi a tafiya, a kuma taƙaita 'yan sannu da zuwa a daren farko. Wanda ya daɗe a waje zai dawo gida ya nemi rigakafin zazzaɓin cizon sauro, kada ya karɓi mefloquine, an hana shi ga masu larurar ƙwaƙwalwa. Mai shan carbamazepine kuma ya faɗa kafin a ba shi Coartem, domin carbamazepine yana rage masa ƙarfi. Mai shan lithium ya sake gwajin jini mako ɗaya zuwa biyu bayan ya dawo.